Kafaɗar Yaya

Shekara ashirin da bakwai Auta ya yi yana sana'ar fenti kafin kafaɗarsa ta dama ta fara yi masa gardama. Sunan Auta tun daga gida ya biyo shi, domin shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Ko da furfura ta fito masa a gemu, ya tara ma'aikata shida masu kiransa Oga, 'yan uwa ba su fasa kiransa da shi ba.

Abin ya fara ne kamar wasa. A wani gida mai hawa biyu suke aiki, yana kan tsani yana shafa wa silin farin fenti, sai ya ji wani abu ya tsikare shi a saman kafaɗa, kamar an soka allura an zare. Ya sauke rola, ya juya hannun sau biyu, ya ci gaba da aikinsa. Bayan mako biyu sai sa riga ya zama aiki. Idan zai ɗauko gwangwani daga kan kanta sai ya cije leɓe. Kwanciya a ɓangaren dama kuwa ta gagara, sai dai ya juya hagu ya rungumi filo.

Matarsa ce ta fara ganewa, ranar da ta ga yana taje kai da hannun hagu.

"Maigida, yaushe ka zama bahago?"

"Iska ce ta shige ni. Za ta fita."

Iska ba ta fita ba. Ya sha ƙwayoyin kemis har cikinsa ya fara zafi. Ya shafa man zafi har ɗakin ya ɗauki wari, yara suka riƙa toshe hanci idan sun shigo gaishe shi. Wani abokinsa ya kai shi wurin mai gyaran targaɗe, mutumin ya kama hannun ya finciko da ƙarfinsa, Auta ya kwana uku ko cokali ba ya iya kaiwa baki. Daga nan ne babbar 'yarsa ta daina lallashi. Ta zo da safe da katin asibiti a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba za ta tafi wurin aikinta ba sai ta ga ya sa takalmi.

Likitan da ya duba shi bai ɓata lokaci ba, ya tura shi sashen gashin ƙashi da ke can ƙarshen baranda. Ɗaki ne dogo mai gadaje uku da labule a tsakani. Akwai keken motsa jiki a lungu, da babban madubi, da wata igiya da aka ratsa ta cikin 'yar taya a saman ƙofa. Abin da Auta ya fara gani shi ne bangon. Duk wanda ya yi fentin nan, shafa ɗaya ya yi ya gudu, ga sawun rola nan a fili kamar hanyar mota a tabo.

"Baba, bangon ne ya kawo ka ko kafaɗa?" in ji mai gashin.

Mace ce matsakaiciya mai tabarau, da farar riga da biro biyu a aljihu. Ta sa shi ya zauna a bakin gado, ta ce ya ɗaga hannun ta gefe a hankali. Daga ƙasa ya tashi lafiya lau. Yana kaiwa daidai kafaɗa sai fuskarsa ta yamutse. Da ya daure ya wuce can sama kusa da kunne, sai zafin ya lafa.

"To ka gani? Ƙasa babu, can sama da sauƙi, tsakiya ne tashin hankalin," in ji ta. Ta danna nan da can, ta lanƙwasa hannun, ta sa ya tura tafinta da ƙarfinsa. Sannan ta ɗauko wata kafaɗar roba daga kan tebur, ta ajiye masa a cinya.

"Wannan ƙashin na sama kamar rufi yake. A ƙarƙashinsa akwai jijiyar da ke taimakawa wurin ɗaga hannu, ga ta nan, wannan ja ɗin. Hanyar da take bi ƙarama ce ƙwarai. Duk lokacin da ka ɗaga hannu sama da kai, hanyar sai ta ƙara tsukewa. Sau nawa kake ɗaga rola a yini?"

"Wa ya ƙirga, Likita?"

"To ita jijiyar ta ƙirga. Ta gaji, ta kumbura, kuma da ta kumbura sai wurin ya ƙara yi mata kaɗan, kana ɗagawa ana matse ta. Ga naman da ke riƙe da allon kafaɗarka ya yi sanyi, na ƙirji ya ɗaure, kafaɗun sun ranƙwafo gaba. Dubi madubi ka gani."

Ya duba. Wani tsoho ya gani mai kafaɗu kamar na wanda ke ɗauke da buhu, alhali babu komai a bayansa.

"Yankawa za a yi?"

"Ba mu kai can ba. Da alama jijiyar ba ta yage ba, ka zo da sauran lokaci. Motsa jiki za mu yi, sau biyu a mako a nan, kullum kuma a gida. Wata biyu zuwa uku, idan ka ba ni haɗin kai. Ban ce ka zauna a gida ba, zaman ma ba ya yi wa kafaɗa daɗi. Amma duk aikin da ya wuce tsayin kafaɗa, ka haƙura da shi tukuna. Ka ba ma'aikatanka silin, kai ka riƙe ƙasan bango."

Auta ya ƙura wa bango ido. Ta ɗauka tsoro ne, ta shiga kwantar masa da hankali. Shi kuwa ba ya jin ta, domin wannan maganar ta ƙasan bango ya taɓa jin ta daga wani bakin, shekara takwas da suka wuce.

Yana da wa, wanda ya girme shi da shekara tara, kowa a gidan Yaya yake ce masa. Yaya ne ya fara sa masa buroshi a hannu, shi ya koya masa haɗa kala da ido, da yadda ake yanke layi a kusurwa ba tare da an manna tef ba. Da tafiya ta yi tafiya, Auta ya fi shi baki da iya neman kwangila, sai ya zama shi ne Oga, Yaya yana aiki tare da shi. Yaya bai taɓa nuna damuwa ba. Cewa yake yi, "Kai ka yi magana da masu gida, ni in yi magana da bango."

Sai wata shekara Yaya ya fara jan jiki daga tsani. Idan an shiga ɗaki, sai ya ɗauki bokiti ya durƙusa wurin ƙasan bango da tagogi. "Auta, ka bar min ƙasa, ka ba yaran nan sama. Kafaɗar nan ba ta son ɗagawa." Da farko Auta ya bari. Amma yana gani da idonsa mutumin nan yana ɗaukar bokitin fenti cike a kowane hannu ya hau da su bene, yana goge bango da samfefa tun safe har yamma ba ya ko nishi. Wane irin ciwo ne wannan mai zaɓen aiki? Ma'aikata suka fara gunaguni, wasu suka fara dafe tasu kafaɗar suna dariya idan an zo rabon silin.

Ranar da abin ya fashe, suna aikin wani ɗakin taro ne, lokaci ya ƙure, mai wurin yana ta kira a waya. Auta ya shigo ya tarar da rabin silin ba a taɓa ba, Yaya yana tsugune yana gyara layin ƙasa. A gaban mutum biyar ya buɗe baki.

"Yaya, idan lalaci ne ka faɗa mana lalaci ne, ka daina laƙa wa kafaɗa. Hannun da ke ɗaukar bokiti biyu shi ne ba zai ɗaga rola ba?"

Yaya ya miƙe. Ya hau tsani ya gama silin ɗin nan shi kaɗai, cikin kwana biyu, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ya wanke rolarsa da buroshinsa tas, ya jera su a kan jarida, ya tafi. Bai sake dawowa ba. Daga baya aka ji ya samu aikin gadi a wata makarantar firamare. Ba su yi gaba ba, suna haɗuwa a sha'anin 'yan uwa su gaisa, su tambayi iyali, shi ke nan. Auta ya riƙa gaya wa kansa cewa dama Yaya ya gaji da sana'ar ne, hanya yake nema.

A asibitin kuwa, mai gashin ta fara wa Auta aiki tun a ranar farko. Ta sa ya dafa tebur da hannun hagu, ya sunkuya, ya saki na dama yana lilo kamar igiyar guga. Ta sa ya tsaya gaban bango yana hawa da yatsu a hankali, har inda zafi ya fara, ya tsaya a nan. Ta koya masa matse allunan kafaɗa ta baya, ya ƙirga biyar ya saki. Ta ce idan wurin ya ɗau zafi bayan aiki, ya naɗe ƙanƙara a tawul ya ɗora na ɗan lokaci.

"Wannan ai wasan yara ne, Likita."

"Yi wasan yaran na mako biyu, sai mu yi magana."

A mako na uku ta ba shi wata doguwar roba mai launin rawaya, ya ɗaura a marikin ƙofa, ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari yana ja zuwa waje. Abin da ya raina sai ga shi yana sa shi gumi. Jikokinsa suka mayar da shi abin kallo, suna tsayawa a bayansa suna ƙirga masa da ƙarfi, idan ya yi ha'inci su kai ƙara wurin kakarsu. A mako na biyar ya sa riga bai ji komai ba, sai da ya fita waje ya tuna. A wurin aiki ya sayi dogon sanda ya ɗaura wa rola, ya riƙe ƙasan bango da tagogi. Babu ma'aikacin da ya ce masa kanzil. Shi ne Oga, wa zai yi masa dariya? Wannan shirun nasu ya fi komai cin ransa.

Wata rana mai gashin tana ɗaura masa jar roba, wadda ta fi rawaya tauri, sai ya tambaye ta.

"Likita, mai irin wannan ciwon zai iya ɗaukar kaya mai nauyi?"

"Idan hannun yana ƙasa? Sosai ma. Wasu har buhu suke ɗauka. Ɗagawa sama ce matsalar."

"To idan aka tilasta masa ya yi ta aikin sama da ciwon? Kuma aka bar shi haka, shekara takwas?"

Ta cire tabarau ta dube shi. "Wa ke nan?"

"Wani ne."

"Ba zan yanke hukunci ban ga mutum ba. Wani yakan warke da kansa. Wani kuma jijiyar takan yi ta lalacewa har ta yage. Ka kawo min wanin nan in gan shi."

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa duka. Tana ninke kaya, ba ta ɗago ba.

"Ai na faɗa maka a lokacin, ka ce in bar maganar aiki ga masu aiki."

"Kin faɗa."

"To ba ni za ka gaya wa ba. Ka san hanyar gidansa."

Sai da ya ƙara kwana tara kafin ya je. Ranar Asabar ce da yamma. Matar Yaya ce ta buɗe masa, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"A'a, Oga ne da kansa? Ɓatan hanya ka yi, ko silin ɗinmu ka zo dubawa?"

"Ki bar shi ya shigo mana," in ji Yaya daga ciki.

Yana zaune a kan tabarma yana gyara wata tsohuwar rediyo. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Auta ya lura da ɗakin kamar yadda ya saba lura da kowane ɗaki. An yi masa fenti mai kyau, shuɗi mai haske, layi a miƙe kamar an ja da zare, amma daga ƙasa zuwa tsayin ƙirji kawai. Daga nan zuwa sama tsohon fenti ne ya dafe yana ɓarewa. Ƙusoshin rataye kaya duk an sauko da su ƙasa. Agogon bango ma a kan tebur yake a jingine.

Aka kawo shayi. Suka yi maganar yara, da ruwan sama, da tsadar kaya. Auta ya shirya magana tun daga gida, ya maimaita ta a hanya, amma da ya buɗe baki sai wata ta fito.

"Yaya, kafaɗata ce ta kama ni. Ta dama."

"Subhanallahi. Daga ina zuwa ina?"

Auta ya ɗaga hannu ya nuna daidai wurin. Yaya ya gyaɗa kai a hankali, kamar an ambaci sunan wani tsohon maƙwabci.

"Ba ka iya kwanciya a kanta."

"Da ba na iyawa. Yanzu da sauƙi, ana yi min gashi a asibiti. Taka fa?"

Yaya ya ajiye sukundireba. Ya ɗaga hannun dama, ya tashi kaɗan ya tsaya bai kai ko ƙirji ba, kafaɗar gaba ɗaya ta ɗago zuwa kunne tana son taimakawa. Ya sa hannun hagu ya tallafo shi ya kai sama, yana saki ya faɗo kamar ba nasa ba.

"Tun silin ɗin ɗakin taron nan," in ji matar Yaya daga bakin ƙofa. "A rana ta biyu ya ji abu ya tsinke. Ni na cire masa riga da almakashi."

"Ke dai ba a gayyace ki ba," in ji Yaya.

Auta ya sunkuyar da kai yana kallon kofinsa. "Yaya, abin da na faɗa maka ranar nan..."

"Sha shayinka zai huce."

Da ƙyar Yaya ya yarda ya bi Auta asibiti, shi ma don matarsa ta ce idan bai je ba ita za ta je ta kai hannun. Mai gashin ta duba shi ta daɗe, ba ta yi wasan da ta saba yi ba. Ta tura shi ɗaukar hoto, daga nan wurin likitan ƙashi. Bayan mako biyu suka zauna su uku, ta faɗa musu abin da aka gani. Jijiyar ta yage tun da daɗewa, ta ja da baya, naman da ke jan ta ya shanye. Likitan ƙashi ya ce ɗinki ba lallai ya kama ba yanzu.

"Amma ba a rasa abin yi ba, Baba," in ji ta. "Akwai wani naman a gefen kafaɗa da za mu koya wa ya karɓi wani ɓangare na aikin. Zafin zai ragu. Ina sa ran za ka kai hannu baki da kai ba tare da tallafi ba. Fentin sama dai, wannan ya wuce."

"Da an kawo shi a lokacin fa?" in ji Auta.

"Ba zan rantse maka ba. Amma yawancin masu zuwa da wuri, yadda ka zo, suna komawa aikinsu."

Yaya ya yi 'yar dariya. "Likita, rabu da shi. Tun yana yaro haka yake, sai an gama cin abinci yake tambayar me aka dafa."

Tun daga ranar suka riƙa zuwa tare, Talata da Alhamis. Auta yana jan baƙar roba a bakin ƙofa, ita ce mafi tauri, Yaya yana kwance a gado yana koyon ɗaga hannu da gwangwanin madara a tafinsa. Bayan wata uku aka sallami Auta, hannunsa yana kaiwa har kunne babu ko ɗis. Ya ci gaba da zuwa duk da haka, yana zama a benci yana jira. Ya roƙi Yaya ya dawo wurin aiki, ko da haɗa kala ne kawai da duba yara. Yaya ya ce a'a, ya saba da 'yan makarantarsa, su ma sun saba da shi.

Wata Alhamis sun fito suna tsaye a bakin titi suna jiran mota, rana ta take, Auta ya ce a ransa yau ko Yaya ya so ko bai so ba sai ya ji.

"Yaya, na zalunce ka. Ka faɗa min gaskiya na ƙaryata ka a gaban yara. Ka yafe min."

Yaya ya dubi motocin da ke wucewa.

"Na yafe tun tuni, Auta. Ba wannan ba ne." Ya gyara tsayuwa. "Ka san abin da ya hana ni zuwa asibiti duk shekarun nan? Da ka faɗi maganar nan, sai na koma gida na yi ta tunani. Na ce yaron nan ni na koya masa aiki, bai taɓa yi min ƙarya ba. Ga shi ina ɗaukar bokiti, ina ɗaukar buhun siminti. Sai na ce ƙila gaskiyarsa ne, ƙila zuciyata ce ta mutu nake laƙa wa kafaɗa. Ko da hannun ya daina ɗaguwa, kunya nake ji in je gaban likita ya duba ya ce bai ga komai ba."

Yaya ya juyo ya dubi Auta.

"Ranar da matar nan ta nuna min hoton, ta ce ga inda ya yage, wallahi daɗi na ji. Kai kana ta share ido, ni kuwa daɗi nake ji."

Motar unguwar Yaya ta tsaya, kwandasta yana buga ƙofa yana kiran mutane. Yaya ya kama ƙarfen ƙofar da hannun hagu ya hau, ya sami wuri kusa da taga. Ya leƙo ya ce ranar Talata kada Auta ya wahalar da kansa, ya gane hanya, zai iya zuwa shi kaɗai. Auta ya ce zai zo. Motar ta tashi, shi kuma ya tsaya a wurin har tasa motar ta zo ta wuce bai tsayar da ita ba.